Tarihin Ɗaukar Nauyin Ƙungiyoyin Wasanni a Jihar Kaduna da Matsayin Yankin Kudan, Maƙarfi da Ikara

BABI NA UKU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda ɗaukar nauyin ƙungiyoyin wasanni ya riƙa sauya hannu a ƙasar Hausa, musamman a Jihar Kaduna, tun daga zamanin sarakuna har zuwa lokacin da gwamnatocin jihohi suka zama su ne iyayen gidan manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa. Za a dubi ƙungiyoyi iri biyu, wato waɗanda ake ciyarwa daga baitulmalin gwamnati da kuma waɗanda kamfanoni ko attajirai suka kafa da aljihunsu. Daga nan sai a waiwayi yankin Kudan da Maƙarfi da Ikara domin a ga rabon da ya samu. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce: kuɗin jama'a da ake kashewa a kan wasanni, wa suke amfana, kuma ina suke tsayawa?

3.1 Ɗaukar Nauyin Wasanni Kafin Zuwan Turawa

Tun kafin Bahaushe ya san tamaula yana da wasanninsa na motsa jiki, kamar dambe da kokawa da langa da sukuwa. Waɗannan wasanni ba su da ƙungiya mai rajista ko asusun banki, amma duk da haka suna da masu ɗaukar nauyinsu. Dambe, alal misali, an fi danganta shi da mahauta. Idan kaka ta yi, amfanin gona ya zo gida, sai 'yan dambe su shiga yawo gari-gari tare da makaɗansu. Sarkin pawa ko wani mai hali a garin shi ke saukar da su, ya ba su masauki da abinci, 'yan kallo kuma su yi musu kari a fage. Haka abin yake ga kokawa. Ita kuwa sukuwa wasa ce ta fada, domin sarakuna da hakimai da attajirai ne ke iya kiwon doki.

Abin lura a nan shi ne, tun a wancan zamani akwai hanyoyi biyu na tallafi. Akwai na masu mulki, akwai kuma na jama'ar gari da masu sana'a. Kuma wasan yana zuwa har ƙauye ya iske manomi, domin ya dogara ne da kaka da kasuwa, ba da birni kaɗai ba.

3.2 Zamanin Turawa da En'e

Bayan da Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, sun shigo da nasu wasannin ta ƙofofi uku: makaranta da bariki da wuraren aikin gwamnati. A Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, an koya wa ɗalibai ƙwallon ƙafa da kurket da wasan fayis. Wannan makaranta ce aka mayar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Ɗalibanta da suka zama malamai da ma'aikatan En'e su ne suka yaɗa waɗannan wasanni a makarantun midil da na elemantare na larduna, har da Lardin Zazzau wanda Kudan da Maƙarfi da Ikara ke cikinsa.

Ƙwallon doki kuwa ta bi ta hannun hafsoshin soja da sarakuna. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi fice a cikinsa. Kulob-kulob na ƙwallon doki a Kaduna da Kano da Katsina da Zariya sun ginu ne a kan kuɗin mambobi, saboda haka su ne misali na farko na ƙungiyar wasa mai zaman kanta a Arewa, ko da yake talaka ba ya da hanyar shiga cikinsu sai dai kallo.

A ɓangaren ƙwallon ƙafa, ƙungiyoyin da suka fara ƙarfi a Nijeriya na ma'aikatun gwamnati ne, irin su ta ma'aikatar jirgin ƙasa da ta jiragen ruwa da ta 'yan sanda a Ikko. Ɗan wasa ma'aikaci ne, albashinsa na aiki shi ne ladan wasansa. Ganin haka ne Dakta Nnamdi Azikiwe ya kafa tasa ƙungiyar wasanni a 1938, domin 'yan ƙasa su sami wadda ba ta ƙarƙashin Bature. A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, wadda daga baya aka sani da Kofin Ƙalubale. Ƙungiyoyin Ikko ne suka yi ta cinye shi har zuwa 1953, shekarar da zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka ɗauke shi, suka zama na farko da suka fitar da kofin daga Ikko.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Jihar Arewa ta fi mayar da hankali ga gine-gine da wasannin makarantu. A tsakiyar shekarun 1960 aka buɗe babban filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna. Wato a wannan lokaci aikin gwamnati shi ne samar da fili da shirya gasa, ba mallakar ƙungiya ba.

3.3 Zamanin Kamfanoni da Attajirai, 1970 Zuwa 1989

Da aka gama yaƙin basasa a 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɗauki wasanni a matsayin hanyar ɗinke ɓarakar da yaƙi ya haifar. An kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971, aka fara gasar lig ta ƙasa a 1972, sannan aka buɗe Bikin Wasanni na Ƙasa a Ikko a 1973. Kaduna ta karɓi baƙuncin wannan biki a 1977. Kowace jiha ta kafa majalisar wasanni domin shirya tawagar da za ta wakilce ta. Kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta iya wannan hidima ba tare da wahala ba.

Amma idan aka duba ƙungiyoyin Arewa da suka yi tashe a wannan zamani, za a tarar yawancinsu ba na gwamnatin jiha ba ne. Mighty Jets ta Jos, wadda ta ci gasar lig ta farko a 1972, Alhaji Isiyaku Ibrahim ne ke ɗauke da nauyinta. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar a 1978. A Kaduna kuwa, kamfanoni da masana'antu ne ke riƙe da ƙwallo. Masaƙu irin su UNTL suna da ƙungiyoyinsu, haka ma kamfanin ƙera makamai na DIC wanda aka kafa a 1964. Ƙungiyar wannan kamfani, DIC Bees, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1983, inda Rangers ta Inugu ta doke ta a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Tarihin wannan ƙungiya ya isa misali a kan abin da attajiri guda zai iya yi. Alhaji Muktar Muhammad Aruwa, wanda daga baya ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2007, shi ya karɓe ta, aka sake mata suna zuwa Ranchers Bees. A 1987 ta sake kaiwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, Abiola Babes ta yi galaba a kanta. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka, ƙungiyar Bizerte ta ƙasar Tunisiya ta sha da ƙyar a hannunta. A 1989 kuma ta ci kofin Afirka ta Yamma bayan ta doke ASEC ta Abijan. Daga cikinta ne Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, ya fito, ya tafi Club Brugge ta ƙasar Beljiyam a 1990. Har yau babu wata ƙungiyar Jihar Kaduna da ta kai wannan matsayi a gasar nahiyar Afirka.

Sai dai wannan tsari yana da rauni a gindinsa. Ƙungiyar kamfani tana rayuwa ne muddin kamfanin na cin riba, ta attajiri kuma muddin yana da hali da sha'awa. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. A 1985 naira ɗaya ta ɗan ɗara dalar Amurka ɗaya, amma zuwa 1989 sai an ba da fiye da naira 7 kafin a sami dala guda. Kayan wasa da kuɗin tafiye-tafiye suka yi tsada, kamfanoni suka shiga rage ma'aikata, kuma abin da aka fara yankewa shi ne hidimar ƙwallo. A Kudu, Abiola Babes da Leventis United, waɗanda suka mamaye kofuna a tsakiyar shekarun 1980, masu su sun rushe su kafin ƙarshen shekarun. A Kaduna ma, durƙushewar masaƙu, wadda ta kai ga rufe Kaduna Textiles a 2002 da UNTL a 2007, ta tafi da wani babban ginshiƙi na wasanni a jihar.

3.4 Shigowar Gwamnatocin Jihohi, 1990 Zuwa Yau

A 1990 aka fara gasar lig ta ƙwararru a Nijeriya. Manufar ita ce kowace ƙungiya ta zama kamfani mai cin gashin kansa, ta mallaki filinta, ta riƙa samun kuɗi daga tikiti da talla da cinikin 'yan wasa. Abin mamaki shi ne, sakamakon ya zo akasin haka. Da yake 'yan kasuwa sun ja da baya, gwamnatocin jihohi ne suka cike gurbin.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Kano. A shekarar 1990 aka haɗe ƙungiyoyi uku, ciki har da ta hukumar ruwa ta WRECA da ta Bankin Arewa, aka samar da Kano Pillars, bisa jagorancin Alhaji Ibrahim Galadima. Ga ƙungiyar hukumar gwamnati, ga ta banki, duk sun koma inuwa ɗaya wadda gwamnatin jiha ke ciyarwa. Haka sauran jihohin Arewa suka yi: Barno da El-Kanemi Warriors, Bauci da Wikki Tourists, Neja da Niger Tornadoes, Katsina da Katsina United. A Kudu ma, Iwuanyanwu Nationale ta koma hannun gwamnatin Jihar Imo a 2006, aka sa mata suna Heartland.

Ba za a ce wannan tallafi bai haifar da ɗa mai ido ba. El-Kanemi ta ci Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992, ta kuma sake ci a 2024. Wikki ta ci a 1998, Tornadoes a 2000. Kano Pillars ta ci gasar lig sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A cikinta Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa guda kafin ya tafi ƙasar Holan a 2010.

Jihar Kaduna ita ma ta bi sahu da Kaduna United. A 2010 wannan ƙungiya, ƙarƙashin mai horarwa Maurice Cooreman ɗan ƙasar Beljiyam, ta doke Enyimba ta Aba a bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta ɗauki kofin da Ranchers Bees ta nema sau biyu ba ta samu ba. Amma shekara huɗu kacal bayan haka, a 2014, ta faɗo daga babban rukuni. Ita ma Kano Pillars ta faɗo a 2022, ta koma a 2023. Wannan ya nuna cewa kuɗin gwamnati na iya sayen nasara ta ɗan lokaci, amma ba ya tabbatar da ɗorewarta.

3.5 Kwatanta Tsarin Guda Biyu

Idan aka auna tsarin biyu, za a ga kowane da amfaninsa da kuma illarsa. Ƙungiyar gwamnati ba ta cika mutuwa ba, domin ko ta faɗi, sunanta na cikin kasafin kuɗi. Amma shugabanninta naɗi ne na gwamna, saboda haka da an sauya gwamnati sai a sauya su. Kuɗinta na fitowa ne ta hanyar takardar neman amincewa daga ma'aikata zuwa gidan gwamnati, kuma idan takarda ta kwana, albashin 'yan wasa da alawus ɗinsu ma sun kwana. Wannan shi ne asalin koke-koken rashin biyan haƙƙi da aka daɗe ana ji a gasar Nijeriya. Bugu da ƙari, shugaban da ya san cewa baitulmali zai biya ba ya damuwa da neman talla ko sayar da tikiti. Sau da yawa ma akan buɗe ƙofar fili kyauta domin a faranta wa jama'a.

Wannan ɗabi'a ita ke cutar da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Attajirin da ke kashe kuɗinsa yana gasa ne da wanda ke kashe kuɗin da ba nasa ba. Idan ƙungiyar gwamnati ta ɗaga farashin ɗan wasa, dole shi ma ya ɗaga ko ya rasa. Idan ta saba wa jama'a da kallo kyauta, shi ba zai iya sayar da tikiti ba. Ga shi kuma yawancin filayen wasa na gwamnati ne. Duk da haka, nasarar da Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta yi na cin gasar lig a 2025 ta nuna cewa ƙungiya mai zaman kanta na iya yin zarra idan tana da filinta da makarantar renon 'yan wasa.

A wasu ƙasashe akwai hanya ta uku. Al Ahly ta Masar, wadda aka kafa a 1907, ta mambobi ce, su ke zaɓen shugabanninta. A Jamus, tun 1998 ƙa'idar gasarsu ta tanadi cewa mambobi ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a a mafi yawan ƙungiyoyi, kuma hukumomin garuruwa na taimaka wa ƙananan ƙungiyoyi da filaye. A Jamhuriyar Nijar kuwa, ƙungiyoyin soja da 'yan sanda da kwastan suna cikin masu ƙarfi, abin da ya yi kama da yadda Nijeriya take a zamanin Turawa.

3.6 Rabon Yankin Kudan, Maƙarfi da Ikara

An kafa Ƙaramar Hukumar Ikara ne a gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Daga cikinta aka fitar da Maƙarfi, sannan a 1996 aka fitar da Kudan daga Maƙarfi, aka sa hedkwatarta a Hunƙuyi. A ƙidayar 2006 Kudan na da mutane kusan dubu 139. Yanki ne na manoma, wanda ya shahara da noman rake da yin mazarƙwaila, da noman tumatir da masara da sauran kayan lambu.

Duk tarihin da aka kawo a sama na manyan birane ne. Filin Ahmadu Bello, wanda ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, yana cikin garin Kaduna. Bikin Wasanni na Ƙasa na 1977 da na 2009 a can aka yi su. Ranchers Bees da Kaduna United duk mazauninsu ke nan. Hatta filin ƙwallon doki na Fifth Chukker, wanda ɗan kasuwa ya gina, yana kusa da Kaduna ne. Ke nan jarin gwamnati da na attajirai duk wuri ɗaya suka taru, alhali jihar na da ƙananan hukumomi 23.

A garuruwa irin su Hunƙuyi da Likoro da Doka da Gimi da Paki, ƙungiyar ƙwallo ta samarin unguwa ce. Filinta na makarantar firamare ne ko na sakandare. Kuɗin ƙwallo da riga da na mota zuwa wasa a wani gari daga karo-karo suke fitowa, ko daga wani ɗan kasuwa da aka naɗa uban ƙungiya. A zahiri waɗannan su ne ƙungiyoyi masu zaman kansu na haƙiƙa, kuma tsarinsu ya fi kusa da na damben kaka da aka bayyana a farkon babi. Tallafin da kan zo musu daga sama yawanci na gasar cin kofi ne, wadda shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa ko mai neman kujera ke sawa. Irin wannan gasa tana tara jama'a, ana raba kyaututtuka, amma da an gama ta ba ta barin fili ko mai horarwa ko asusu.

Akwai dalilai uku da suka jawo haka. Na farko, ƙungiyar da ke buga gasar ƙasa ita ke fito da sunan gwamna a rediyo da jarida, gyaran filin ƙauye kuwa ba mai jin labarinsa. Na biyu, ko da yake tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da filayen jama'a da sa hannu a ilimin firamare, sashe na 162 ya sa kuɗinsu na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma abin da ke isa gare su albashi ke cinye mafi yawansa. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Na uku, raunin wasannin makarantu ya toshe hanyar da a da yaron ƙauye ke bi har ya kai tawagar lardi ko ta jiha. Shi ya sa saurayin Kudan mai hazaƙa ba ya da zaɓi sai ya tafi Zariya ko Kaduna ko Kano neman wanda zai gan shi.

Ya kamata a lura cewa matsalar ba ta rashin ɗan yanki a kan mulki ba ce. Alhaji Ahmed Muhammad Maƙarfi ya yi gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007. Matsalar tana cikin tsarin da aka gada, wanda ya ɗauki tallafin wasanni a matsayin ciyar da ƙungiya guda ta ƙwararru a babban birni, ko wane ne ke kan kujera.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda ɗaukar nauyin wasanni ya taso daga hannun sarakuna da masu sana'a, ya koma ga makarantu da ma'aikatun Turawa, daga nan ya shiga hannun kamfanoni da attajirai, sannan tun daga 1990 ya faɗa wuyan gwamnatocin jihohi. An ga cewa Ranchers Bees ta kai Kaduna ƙololuwa da kuɗin mutum guda, Kaduna United kuma ta kawo kofi da kuɗin gwamnati, amma dukansu sun kasa riƙe matsayinsu. An kuma nuna cewa yankin Kudan da Maƙarfi da Ikara bai sami wani rabo na a-zo-a-gani ba daga kowane ɓangare.

Abin da tarihin ya nuna shi ne, gwamnati ta fi amfanar jama'a a lokacin da ta tsaya ga gina fili da horar da malaman wasa da shirya gasar makarantu, ta bar mallakar ƙungiya ga kamfanoni da jama'ar gari. Idan har za a ci gaba da ciyar da ƙungiyar ƙwararru daga baitulmali, adalci shi ne a ware wani kaso sananne domin ƙananan ƙungiyoyi masu rajista a ƙananan hukumomi, tun da manomin rake na Kudan yana da haƙƙi a cikin kuɗin kamar mazaunin Kaduna. A babi na huɗu za a dubi tsarin shugabanci da hanyoyin samun kuɗi na ƙungiyoyin samari a wannan yanki.